Na bincika zuciyata na tarar son duniya yana nan: ina girman da ake faɗa?

Matafiyi: Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka riga ni cikin wannan tafiya. Manzo Bulus ya umarci Korintiyawa su gwada kansu su gani ko suna cikin bangaskiya, a 2 Korintiyawa 13:5, ya kuma ce kowa ya bincika kansa kafin ya kusanci Jibin Ubangiji. Ina ƙoƙarin yin haka. Amma duk sa'ad da na zauna na duba zuciyata tsakani da Allah, abubuwan da nake tararwa su ne dai waɗanda na tarar tun shekarun baya: son kuɗi, son a san da ni a wurin aiki, da wani ƙyashi da ke tasowa idan sa'ana ya sami abin da nake nema. Ban ɗauki kayan kowa ba, ban kuma bar sujada ba, amma sha'awar tana nan da ranta. Tambayata biyu ce. Shin wanda yake girma cikin Ruhu, sha'awar duniya raguwa take yi a ransa, ko kuwa ƙarfin riƙe ta ne kawai yake ƙaruwa? Sa'an nan mene ne amfanin binciken kai idan kullum labari ɗaya yake kawowa?

Hasken_Safiya: Ɗan'uwa, damuwar da kake yi ita kanta alama ce mai kyau. Galatiyawa 5:17 ta ce halin mutuntaka da Ruhu gāba suke yi da juna, kuma masu bi Bulus ya rubuta wa wannan magana. Wanda Ruhu ba ya cikinsa ba shi da wannan yaƙi, domin shi da sha'awarsa bakinsu ɗaya ne.

Dattijo_B: 'Yata Hasken Safiya, maganarki tana da daɗin ji, amma kada mu yi saurin shafa wa ɗan'uwanmu mai a baki. Damuwa ba tuba ba ce. Mutumin nan mai dukiya da ya zo wurin Yesu a guje, ya durƙusa, a Markus sura 10, shi ma ya damu, har Littafi ya ce ya tafi yana baƙin ciki, amma da dukiyarsa ya tafi, ya bar Ubangiji a tsaye. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korintiyawa 7:10, wanda yake kai ga tuba da wanda yake kai ga mutuwa. Ku tuna da Dimas kuma. A wasiƙar Kolosiyawa yana cikin masu aika gaisuwa, a wasiƙar Filimon an kira shi abokin aikin Bulus, amma a 2 Timoti 4:10 sai ga shi ya yashe manzo ya tafi Tasalonika saboda ƙaunar duniyar nan. Ba a ce ya yi saɓo ba, ba a ce ya yi musun Almasihu da baki ba. Ƙaunar duniya kawai aka ambata, kuma ta isa ta raba shi da aikin.

Ɗalibin_Tauhidi: Baba Dattijo ya yi gaskiya, sai dai kafin mu ci gaba ya kamata mu tantance abin da muke kira sha'awar duniya, domin idan muka haɗa kome wuri ɗaya za mu ɗora wa lamirinmu kayan da Allah bai ɗora masa ba. Son ci gaba a aiki ba zunubi ba ne. 1 Timoti 4:4 ta ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne idan an karɓa da godiya, kuma a sura 6, inda aka ce son kuɗi tushen kowace irin mugunta ne, nan ne kuma aka ce Allah yana ba mu kome a yalwace domin mu ji daɗinsa. Yakubu 1:14-15 ta nuna matakai: sha'awa tana jan mutum, sa'an nan ta ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi kuwa in ya girma ya haifi mutuwa.

Game da tambayar farko ta ɗan'uwa Matafiyi, tarihin Agustin, bishop na Hifo a Arewacin Afirka, yana da abin koya mana. An haife shi a shekarar 354, kuma da bakinsa ya ba da labari cewa yana saurayi ya roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma kada ya ba shi nan take, domin yana tsoron a amsa addu'ar da wuri. A shekarar 386, a wani lambu a birnin Milan, ya buɗe wasiƙar Romawa ya karanta 13:13-14, ya rabu da tsohuwar rayuwarsa, aka yi masa baftisma a 387. Abin lura shi ne, fiye da shekara goma bayan haka, yana bishop, ya zauna ya auna kansa da abubuwa ukun nan na 1 Yohanna 2:16, wato sha'awar jiki, sha'awar ido da alfarmar banza, ya tarar fasikanci ya bar shi a aikace, amma son yabon mutane yana nan, har ya ce shi ne ya fi wuyar aunawa a cikinsu duka. Ke nan wata sha'awa tana mutuwa, wata kuwa ana fama da ita har tsufa. A koyarwarsa, matsalar ba son abu mai kyau ba ce, matsalar ita ce a so shi fiye da matsayinsa, a sa shi gaba da wanda ya ba da shi.

Mai_Lissafi: Bari in kawo abin da ya faru da ni, ko zai taimaka. Aikina riƙe littattafan kuɗi ne. Wata rana wanda yake sama da ni ya ajiye takardar sayen kaya a kan teburina, ya ɗora yatsa a kan jimlar, ya ce in gyara ta, nawa rabon yana ciki. Na ƙi, kuma na gode wa Allah da ya ba ni ikon ƙi. Amma abin da na tarar da dare, da na zo yin addu'a, shi ne ya ba ni tsoro. Zuciyata ba godiya take yi ba, lissafi take yi na abin da rabon nan zai saya mini da na karɓa, tana kuma tsara yadda zan ba da labarin a taron addu'a domin a san irin mutumin da nake. Hannuna ya ƙi kuɗin, amma raina ya bi shi da kallo, ya kuma nemi a biya shi da yabo a maimakon kuɗin. To, ina tambayar masana cikinmu: ranar nan nasara na yi ko faɗuwa?

Hasken_Safiya: Nasara ka yi, Malam Mai Lissafi. Takardar ba ta canja ba.

Dattijo_B: Nasara ce a kan sata, kuma kada ka raina ta. Amma an nuna maka abokan gāba biyu da ba ka san suna cikin gidan ba, kuma wannan ya amsa tambaya ta biyu ta Matafiyi. Da ba ka zauna ka bincika ba, da ka tafi taron addu'ar nan ka yi abin da Bafarisiyen Luka 18 ya yi, wanda duk abin da ya lissafa game da kansa gaskiya ne, azumi sau biyu a mako da zakkar dukan abin da ya samu, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce.

Uwar_Marayu: Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina so in ja hankalinku ga wani gefe da ba a taɓa ba, domin ba kowa ne irin wannan magana take yi wa magani ba. Na san wata 'yar'uwa da ta ɗauki binciken kai da zafi har ta daina cin Jibin Ubangiji. Duk ranar da za a ci, sai ta zauna a kujerar baya, in an iso layinta ta sunkuyar da kai ta miƙa wa na gaba. Da na tambaye ta, sai ta ce ta duba zuciyarta ta ga ba ta cancanta ba, domin ta yi sha'awar suturar wata, ta kuma ji haushin mijinta a cikin makon. Na ce mata, ayar da take riƙe da ita, wato 1 Korintiyawa 11:28, cewa ta yi mutum ya bincika kansa sa'an nan ya ci, ba ta ce ya bincika ya gudu ba. Kuma laifin da Bulus yake tsawata wa Korintiyawa a wurin sananne ne, masu hali suna ci suna ƙoshi har da buguwa, matalauta suna zaune da yunwa a taro ɗaya.

Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya sha irin wannan wahala bayan ya shiga gidan sufaye a Erfurt a shekarar 1505. Yakan ɗauki sa'o'i yana furta zunubansa, ya fita, ya tuna wani ƙarami, ya sāke komawa, har shugabansa Staupitz ya gaji ya ce masa ya daina tonon ƙananan abubuwa ya dubi Almasihu da aka gicciye. Bulus da kansa ya ce a 1 Korintiyawa 4:3-4 ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne alƙalinsa. Don haka, ɗana Matafiyi, idan bincikenka kullum a kanka yake farawa, a kanka kuma yake ƙarewa, ba mamaki ya riƙa kawo maka labari ɗaya.

Baƙon_Duniya: Ni a ganina Romawa 7 ta rufe zancen. Idan Bulus da kansa ya ce nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake yi, mu su wane ne da za mu sa ran fin haka? Haka za mu yi ta fama har mu bar jikin nan.

Ɗalibin_Tauhidi: Ɗan'uwa Baƙon Duniya, surar ba ta rufe zancen ba, domin ikkilisiya ba ta taɓa haɗuwa a kan wanda yake magana a cikinta ba. Malaman farko da suka yi rubutu da Helenanci, irin su Orijin da Kirisostom, sun ɗauka Bulus yana kwatanta mutumin da yake ƙarƙashin Shari'a ne, wanda bai sami 'yanci ba tukuna. Agustin ma haka ya fara fahimta, daga baya ya sauya ra'ayi ya ce mai bi ne, Luta da Jon Kalbin, wani jagoran gyaran ikkilisiya, suka bi shi a kan haka. Jon Wesli kuwa, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya koma wa fahimtar farko. Masu cewa mai bi ne suna kafa hujja da aya 22, inda mai maganar yake murna da Shari'ar Allah a can cikin zuciyarsa. Masu cewa ba mai bi ba ne suna nuna aya 14, inda ya ce an sayar da shi bawa ga zunubi, alhali sura 6 ta riga ta ce an 'yantar da mu daga wannan bauta. Ko wanne mutum ya ɗauka, sura 8 tana biye, kuma a aya 13 an ce mu kashe ayyukan jiki ta wurin Ruhu. Ba a ba kowa izinin ya shimfiɗa tabarma a sura 7 ba.

Baƙon_Duniya: Na ji, amma ni abin da nake karantawa a aya 15 zuwa 24 shi nake gani a rayuwata, kuma na yi imani ni mai bi ne. Ra'ayin Agustin na biyu zan riƙe.

Tsohon_Malami: Mun fara nisa da tambayar. Ɗan'uwanmu bai nemi tarihin fassara ba, ya nemi ya san ko yana girma. Ina ganin kuskuren yana wurin ma'aunin. Yana tambayar kansa ko sha'awar tana nan, amsar kuwa kusan kullum i ce. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: idan ƙyashin ya taso, tsawon wane lokaci yake ɗauka kafin ka gane shi ka kira shi da sunansa? Da ka gane, me kake yi da shi? A dā wataƙila sai ka yi mako kana ƙunci, kana neman aibin wanda aka ƙara wa girma, kana jin daɗi in wani ya zage shi. In yau kana iya tashi ka je ka taya shi murna, ko da zuciyarka tana ja da baya, ka kuma yi masa addu'a da sunansa, to wani abu ya canja ko da ƙyashin bai mutu ba. Uwa ba ta ganin girman ɗanta da ido kullum, sai ranar da rigar bara ta ƙi shiga. Saboda haka kada ka gwada yau da jiya, gwada bana da shekara biyar da suka wuce.

Matafiyi: Na gode ƙwarai, Baba Tsohon Malami, da Mama Uwar Marayu. Maganar ma'auni ta shige ni. Amma ina so in san yadda ake yin binciken a aikace, domin nawa ba shi da tsari, nakan zauna ne kawai in bar tunani ya yi ta yawo har in gaji.

Salama_Dai: Akwai tsarin da Ignatiyus na Loyola, mutumin Sifen da ya rasu a 1556, ya koyar, kuma har yau Kiristoci da yawa suna bin sa a ƙarshen yini. Ana farawa da godiya saboda alherin da aka samu a ranar, sa'an nan a roƙi Allah haske domin a ga gaskiya, sai a bi yinin daki-daki tun daga tashi, ana duba tunani da magana da aiki, a nemi gafara, a ƙudura gyara da taimakon Allah. Abin da ya burge ni shi ne godiya ce a gaba. Shi kansa Ignatiyus ya yi fama da irin ciwon da Mama ta kwatanta, a garin Manresa a 1522, har ya kusa yanke ƙauna, don haka ya san haɗarin mutum ya fara da tonon laifi. Kuma godiya tana taɓa tushen matsalar da muke magana a kai, domin da wuya mutum ya gama lissafa abin da aka ba shi yau ya ci gaba da ƙyashin na wani da zafi ɗaya.

Mai_Tsaron_Ƙofa: Ku yi mini haƙuri, amma ni ina shakkar irin waɗannan tsare-tsare. Kolosiyawa 2:20-23 ta yi kashedi a kan ka'idodin mutane, waɗanda suke da kamannin hikima da ƙasƙantar da kai, amma ba su da wani amfani wajen hana sha'awar jiki. Muna da Ruhu Mai Tsarki, muna da Zabura 139:23-24 inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi. Allah ne mai binciken, ba jadawali ba.

Salama_Dai: Ɗan'uwa, ka'idodin da Kolosiyawa take magana a kansu na kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana ne, waɗanda mutum yake zaton su ne tsarkinsa. Wanda ya keɓe lokaci ya yi addu'ar Zabura 139, sa'an nan ya yi shiru ya saurari amsa, bai kafa sabuwar shari'a ba. Makoki 3:40 ma cewa ta yi mu gwada al'amuranmu mu bincika su, mu komo ga Ubangiji. Amma na yarda da kai cewa in tsarin ya zama abin taƙama, ya shiga cikin abin da ayar ta hana.

Dattijo_B: Ku biyun kuna magana kamar binciken aikin mutum ɗaya ne a ɗakinsa, ko da tsari ko babu. A nan ne nake ganin babban rami. Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi kome rikici, wa zai iya saninta? To, ita ce kuma muke sa wa ta binciki kanta. Dawuda, mai addu'ar nan da aka ambata, ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga, ya zauna a gadon sarautarsa yana shari'a har aka haifi yaron, wato watanni sun shuɗe bai tuba ba. Da annabi Natan ya kawo masa labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, nan take ya husata ya ce mutumin ya cancanci mutuwa. Laifi tudu ne, ya taka nasa ya hango na wani, sai da Natan ya ce masa kai ne mutumin. Zabura 51 bayan zuwan Natan aka yi ta.

Wesli ya gane wannan. A dokokin da ya rubuta a 1738 domin ƙananan ƙungiyoyinsa, mutane kaɗan suke haɗuwa kowane mako, maza dabam mata dabam, kowa ya amsa a gaban sauran: wane zunubi ka sani ka yi tun haɗuwarmu ta baya, wace jaraba ta same ka, ta yaya aka cece ka daga gare ta, kuma me ka yi tunani ko ka faɗa ko ka aikata wanda kake shakka ko zunubi ne. A kan Yakubu 5:16 ya gina wannan. Tambaya ta ƙarshen nan ita ce maganin matsalar 'yar'uwar da Mama ta ambata, domin da tana da waɗanda za ta kai wa shakkarta, da sun faɗa mata tun da wuri cewa jin haushi da aka kai gaban Allah ba ya hana mutum teburin Ubangiji.

Ƙaramar_Baiwa: Baba, da girmamawa, ba kowa ne yake da wanda zai amince wa haka ba. Wasunmu sun faɗi damuwarsu a asirce suka ji ta a bakin wasu a matsayin roƙon addu'a. Amma abin da na zo faɗa dabam ne. Mu matasa, sha'awar ido ce ta fi kama mu, kuma a aljihunmu take kwana. Nakan ɗauki waya da dare da niyyar karanta Zabura, kafin in buɗe sai saƙo ya shigo, daga nan in ga hoton wadda muka yi makaranta tare tana tsaye jikin sabuwar mota, in buɗe hoton in ƙara girmansa, in duba takalminta, in duba gidan da ke bayanta. Kafin in ajiye wayar, rayuwar da na gode wa Allah dominta da safe ta zama abin kunya a idona. Mutumin nan mai suna Akan ya bayyana laifinsa a Joshuwa 7:21 da matakai uku, ya ga alkyabbar Shinar da azurfa da zinariya, ya yi sha'awarsu, ya ɗauka. Shi sau ɗaya ya gani a cikin ganimar Yariko. Mu an gina waɗannan manhajoji ne domin mu yi ta gani, saboda da kallonmu suke samun kuɗin talla. Na koma karanta Littafi na takarda da dare, wayar kuma tana kwana nesa da gado, kuma na ga bambanci, ko da yake ban ce sha'awar ta tafi ba.

Mai_Tsaron_Ƙofa: Wannan kam na yarda da shi. Yusufu ma bai tsaya yin muhawara da matar Fotifar ba, ya bar mata rigar ya gudu.

Baƙon_Duniya: Akwai abin da muke kewayewa. Yaya matashi zai yi yaƙi da son duniya alhali a wasu wurare daga bagade ake hura masa shi? In wa'azi ya zama kullum na buɗi da ɗaukaka, shaida kuma ta zama ta mota da gida, to an yi wa sha'awar baftisma an sa mata suna bangaskiya, mai binciken kansa ba zai ma gan ta a matsayin matsala ba. Yesu ya ce a Markus 4:19 ɗawainiyar duniya da ruɗin dukiya da sha'awar waɗansu abubuwa su ne ƙayar da take shaƙe Maganar har ta kāsa ba da amfani.

Uwar_Marayu: Haka ne, amma kada mu tsallaka zuwa ɗaya gefen mu mai da talauci tsarki. Na ga matalautan da son kuɗi ya ci ransu fiye da attajirai, domin ba sai kana da abu yake mallakarka ba. Ibrahim mai dukiya ne, Lidiya mai sayar da jan alharini ce ta buɗe gidanta ga Bulus a Filibi, Yusufu na Arimatiya kuma kabarinsa ya bayar. Ku lura cewa Yesu ya ce wa mai dukiyar Markus 10 ya sayar da kome, amma da Zakka ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa ya kuma mayar ninki huɗu ga wanda ya zalunta, Yesu bai ce ina sauran rabin ba, ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Addu'ar Agur a Karin Magana 30:8-9 ita ce nake koya wa yaran da ke hannuna, kada a ba shi talauci ko wadata, don kada ya ƙoshi ya ce wane ne Ubangiji, ko ya rasa ya yi sata.

Kuma bari in faɗa wa matasan cikinmu, tsufa ba ya kashe son duniya, kama yake sauya masa. Ni yanzu sutura ba ta dame ni ba, amma in aka yi taro aka gode wa waɗanda suka yi hidima ba a ambaci sunana ba, nakan ji wani abu ya tsaya mini a wuya. In kuna so ku san ko kuna girma, ku tambayi waɗanda kuke kwana gida ɗaya da su ko kun fi haƙuri da kirki da tawali'u fiye da dā, domin yawancin albarkar Ruhu tara da ke Galatiyawa 5:22-23 a cikin zama da mutane ake ganinsu.

Matafiyi: Tun da an kai nan, bari in faɗi abin da ya tayar da tambayar tun farko. An yi mini tayin wani aiki mai albashi fiye da na yanzu sosai. Halal ne, ba a nemi in yi wata ha'inci ba, amma zai riƙa cin yawancin ranakun Lahadi, zai kuma raba ni da iyalina na tsawon lokaci. Idan na bincika dalilina, nakan ga kuɗin makarantar yara da taimakon iyayena, waɗanda hakki ne a kaina bisa ga 1 Timoti 5:8. Nakan kuma ga fuskar sa'ana ɗin nan da nake so ya ji labari. Duka biyun gaskiya ne, kuma na kāsa raba su.

Ɗalibin_Tauhidi: Ba na zaton za ka iya raba su sarai, kuma in ka ce sai niyyarka ta zama tsab kafin ka ɗauki mataki, ba za ka taɓa ɗauka ba. Akwai gwajin da zai taimaka: ka ɗauka cewa babu wanda zai taɓa sanin sabon matsayin da albashin sai kai da matarka, har yanzu kana son aikin? In amsar i ce, to bukatar iyali ce take jan ragamar, ƙyashin fasinja ne, sai ka furta shi ka ci gaba.

Dattijo_B: Gwajin yana da kyau, amma zuciyar da Irmiya ya kwatanta ce za ta amsa shi, kuma ta san amsar da ake so. Ni abin da na ji a maganarka shi ne Lahadi da iyali, su ne kuwa wurare biyun da mutum yake da masu faɗa masa gaskiya. Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa, 3:13 kuma ta ce mu gargaɗi juna kowace rana don kada yaudarar zunubi ta taurare waninmu. Ban ce kada ka karɓa ba, akwai masu bi nagari a aikin jinya da tsaro da suke aiki ran Lahadi. Amma kafin ka ba su amsa, ka zauna da matarka ka faɗa mata dalilan biyu, har da na biyun da ka faɗa mana, ka kuma tambayi masu aikin ko ana iya daidaita ranakun. Ita me ta ce game da tayin?

Matafiyi: Ta san da tayin, Baba, kuma tana ganin kuɗin zai rage mana nauyi, sai dai tafiyar ce ba ta so. Dalili na biyun kam ba mu taɓa zancensa ba. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba da amsa.

Ƙaramar_Baiwa: Baba Dattijo, ba ku amsa mini maganar amana ba. Wanda ba shi da aure, kuma an taɓa tona masa asiri a cikin 'yan'uwa, wurin wa zai kai irin wannan dalili na biyun?